Ya Yi Masa Garkuwa, Ko Ya Yi Garkuwa Da Shi? Tantance Nau'o'in Kariya A Ƙagaggun Labarai

A tsayar da fim a daidai wannan wuri: ɗan fashi ya ɗaga bindiga, wata dattijuwa na tsaye a gabansa, wani saurayi na bayanta. A nemo wani fim ɗin a tsayar da shi a wuri irin wannan: mai bindiga, dattijuwa, saurayi a baya. Wanda ya ga hotunan biyu kawai zai rantse abu ɗaya ne. Sai an mayar da kowanne baya da daƙiƙa biyar sannan za a ga a na farko ita ce ta yar da butar hannunta ta rugo ta shiga tsakani, a na biyu kuwa saurayin ne ya fizgo ta ya tsayar da ita a gabansa. Na farko ɗa ne da ya ci albarkacin uwa. Na biyu azzalumi ne da ya sayi ransa da na wata.

Hausa ta daɗe da raba waɗannan biyun, kuma da 'yar ƙaramar kalma ta raba su. A hoton farko cewa ake yi ta yi masa garkuwa. A na biyu, ya yi garkuwa da ita. “Masa” da “da” ne kaɗai suka sauya, amma da sauyawarsu mai zaɓi ya sauya, hukuncin da mai kallo zai yanke wa kowannensu ma ya juye.

Duk da haka, a sharhin finafinai da na littattafai, da muhawarar da marubuta ke yi a zaurukansu, kalma guda ake ɗora wa kusan duk fitowar da wani ya cutu saboda wani: sadaukarwa. Wanda ya tare harsashi, sadaukarwa. Wadda ta auri wanda ba ta so don a yafe wa mahaifinta bashi, sadaukarwa. Yaron da ya ci tuwon da aka barbaɗa wa guba bai sani ba, shi ma akan ce ya sadaukar da ransa. Kalmar da aka labta wa wannan kaya duka ta daina gaya wa marubuci abin da ya rubuta, ta kuma daina nuna wa mai gyara inda zai sa hannu.

Mene ne tubalin labari?

Akwai ƙananan al'amura da ke dawowa daga labari zuwa labari, ko da masu labaran ba su taɓa jin juna ba: marainiya da kishiyar uwa, autan da ya fi yayyensa wayo, baƙon da aka wulaƙanta daga baya aka gano ɗan sarki ne. Ba su kai jigo girma ba, don jigo shi ne saƙon labari gaba ɗaya. Ba salo ba ne, don salo na marubuci ɗaya ne. Tubala ne da kowa ke ɗauka ya yi nasa ginin, kuma kare wani daga haɗari na cikin tsofaffinsu.

Aikin jera waɗannan tubala ya haura shekara ɗari. A 1910 wani masani ɗan ƙasar Finlan, Antti Aarne, ya fitar da tsarin rarraba tatsuniyoyi. Ba'amurke Stith Thompson ya faɗaɗa shi, sannan tsakanin 1932 da 1936 ya wallafa kundin tubala mai juzu'i shida, kowane babi da harafinsa. A kundin nan ne ake fara ganin matsalar da muke magana a kai. Ceto yana babin R, tare da kamammu da gudaddu. Musanya mutum da wani don a ruɗi maƙiyi yana babin K, na yaudara. Amintaccen bara da amini na ƙwarai suna babin P, na zamantakewa. Baran da ya sa rigar ubangidansa aka kashe shi a madadinsa ya taɓa babi uku ke nan, alhali aiki ɗaya ya yi.

A Rasha kuwa, Vladimir Propp ya ɓullo ta wata hanya a 1928. Ya nazarci tatsuniyoyi ɗari, ya ce ayyuka 31 ne ke juyawa a cikinsu, kuma ana gane aiki ne ta amfanin da ya yi wa tafiyar labari, ko wane ne ya yi shi, ko ta yaya. Har yau duk gardamar da ake yi kan ma'anar wani tubali tana komawa ga waɗannan hanyoyi biyu: a siffanta shi da abin da ido ya gani, ko da abin da ya haifar a labarin. Hotunan nan biyu na sama sun nuna ido kaɗai ba ya wadatarwa.

Yadda kalmar garkuwa ta juya

Asalin garkuwa kayan yaƙi ce, ta fata mai kauri, abokiyar sulke da kwalkwali da lifidi. 'Yan lifida su ne mahayan da ke kewaye sarki a fagen daga, su da dawakansu cikin rigar auduga mai kauri da kibiya ke maƙalewa a ciki. Daga nan kalmar ta zama yabo, har ta zama sarauta: ana naɗa mutum Garkuwan gari kaza, ma'ana shi ne ke tare wa jama'arsa abin da ya taso musu.

Ma'ana ta biyu, ta yin garkuwa da mutum, ita ma tsohuwa ce a fagen yaƙi. Malaman fiƙihu suna kiranta tatarrus, daga kalmar Larabci ta garkuwa, kuma Imam Gazali ya tattauna mas'alar maƙiyan da suka jera fursunoni Musulmi a gabansu. Dokar yaƙi ta zamani ta haramta ta ƙarara: sashe na 28 na Yarjejeniyar Jeniba ta huɗu ta 1949, sashe na 51 na ƙarin yarjejeniyar 1977, sannan Dokar Rum ta 1998 da ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta sa shi cikin laifukan yaƙi. Ko a nan ma akwai wurin da malaman doka suka rabu: matsayin wanda ya kai kansa ba a tilasta shi ba. A farkon 2003 wasu masu adawa da yaƙi daga ƙasashen Yamma sun tafi Bagadaza da ƙafarsu suka tare a tashoshin lantarki da na ruwa don kada a jefa musu bam. Kafafen labarai sun kira su da sunan da ake kiran waɗanda aka tilasta, alhali su kai kansu suka yi.

Ma'ana ta uku ce ta danne sauran a kunnen mai sauraron rediyo na yau. Shekaru sama da goma ke nan kusan kullum sai an ji “masu garkuwa da mutane”, ana nufin masu sace mutum don karɓar kuɗi. Matashin da ya tashi cikin wannan yanayi, in ya ci karo da “garkuwa” a littafi, daji da kuɗin fansa ne ke fara zuwa masa. Ita kanta “fansa” haka take: akwai kuɗin fansa, akwai ɗaukar fansa, akwai kuma “raina fansa ne gare ka”. Marubucin da ya rubuta “ta zama garkuwarsa” ba tare da ya nuna wanda ya ɗauki matakin ba ya bar ƙofar ruɗu a buɗe.

Tambayoyi uku kafin a sa suna

Kafin a ce fitowa kaza kariya ce, ana bukatar amsar abu uku. Wa ya sa jikin a wurin, mai shi ko wani? Mai jikin ya san da haɗarin? An riga an saki harin, ko har yanzu yana hannun maharin?

Tambayar farko tana fitar da garkuwar dole daga sahu gaba ɗaya. Ita tubali ce ta mugu ko matsoraci, kuma abin da take bayyanawa halin wanda ya ɓuya ne. Ta biyu tana fitar da tsautsayi. Sananniyar fitowar nan ta kishiya da ta zuba guba a kwanon ɗan kishiyarta, sai nata ɗan ya dawo daga makaranta da yunwa ya cinye, ba kariya ba ce ko kaɗan, duk da cewa wani ya mutu wani ya tsira. Sunanta na nan a karin magana: ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Da yaron ya ga lokacin da aka zuba, ya janye kwanon ya ci don ƙaninsa ya kuɓuta, da labari ya zama wani.

Tambaya ta uku ce ke rarraba abin da ya rage. Misalan da suka fi fito da bambancin a tarihi suke, kuma daga irinsu masu ƙaga labari ke ɗauka.

Tarewa ita ce mutum ya sa jikinsa a kan hanyar makamin da aka auna wani da shi, cutar ta sauka a kansa. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Sayyidina Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya kare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hannunsa, hannun ya shanye har ƙarshen rayuwarsa. Rufewa ta bambanta da wannan: haɗarin ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba, don haka mai kariya kifa jikinsa yake yi a kan wanda yake karewa ya ba haɗarin baya. A ranar ta Uhudu, littattafan sira sun kawo yadda Abu Dujana ya sunkuya a kan Manzon Allah, kibau na sauka a gadon bayansa bai gusa ba. Mai tarewa bugu ɗaya yake karɓa cikin ƙiftawar ido. Mai rufewa yana da damar tashi bayan kibiyar farko, da ta biyu, da ta uku, kuma kowace kibiya sabon zaɓi ce. Marubucin da ya gane haka ya san tarewa jimla ɗaya take bukata, rufewa kuwa tana iya ɗaukar shafi.

Turewa ita ce a kawar da wanda aka nufa daga hanya. Mai turewa bai yi niyyar karɓar bugun ba, so yake kowa ya tsira, ko da yake sau da yawa shi abin ke samu. Harin da aka kai wa shugaban Amurka Ronald Reagan ranar 30 ga Maris 1981 a ƙofar otal ɗin Hilton na Washinton ya haɗa tarewa da turewa a lokaci guda. Maharin ya yi harbi shida cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Jami'in tsaro Tim McCarthy ya juyo ya fuskanci bindigar ya baje jikinsa, harsashi ya same shi. Abokin aikinsa Jerry Parr ya danna shugaban cikin mota. Mutum biyu, manufa ɗaya, aiki daban-daban. Kuma duk da haka harsashi na ƙarshe ya daki jikin motar ya karkato ya shiga ƙirjin Reagan ta ƙarƙashin hammatarsa ta hagu.

Tsayawa a ƙofa ta fi duk waɗannan tsawon numfashi, kuma ita ce aka fi rikita ta da tarewa. A nan ba a saki hari ba tukuna. Mai kariya ya tsaya tsakani ya ce sai bayan raina, ya mayar wa maharin da zaɓi: ko ya fasa, ko ya ƙara wa kansa laifin da bai fito da niyyarsa ba. Jiki a nan shaida ne kawai cewa maganar da gaske ake yin ta. Makamin na ainihi shi ne furfura, ko matsayi, ko kunyar idon jama'a. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, liman Malam Abdullahi Abubakar ya ɓoye Kiristoci 262 a gidansa da masallacinsa, ya fito ya fuskanci maharan ya ƙi ba su hanya, yana roƙonsu. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Ƙaramin samfurin wannan yana kowane gida: yaro ya yi ɓarna, uba ya ɗauko bulala, yaron ya zagaya bayan kaka ya riƙe zanenta, ita kuma ta ce, “Ka ci albarkacina, Malam, ka bar shi.” Nan ma akwai abin lura. Yaron ne ya fara ɓuya, ba ta kira shi ba. Da ta matsa gefe, da ya yi garkuwa da ita ne bai yi nasara ba. Tsayawar da ta yi ita ta mayar da abin nata.

Maye gurbi kashi biyu ne. Akwai na sarari, inda mai kariya ke cewa a ɗauke ni a bar shi, maƙiyi ya sani ya kuma amince. A Auschwitz, sansanin fursunoni na 'yan Nazi, a 1941, da aka ware fursunoni goma za a kashe su da yunwa, limamin Katolika Maximilian Kolbe ya nemi a sa shi a madadin wani magidanci. Kolbe ya mutu ranar 14 ga Agusta na shekarar, magidancin ya rayu har 1995. Akwai kuma na ɓoye, inda maƙiyi bai san an yi musanya ba, kamar kwanciyar Sayyidina Aliyu a shimfiɗar Manzon Allah daren Hijira, masu jiran ƙofa na zaton wanda suke nema ne a ciki. Na farko ciniki ne da maƙiyi, na biyu dabarar yaƙi ce.

Saura tsare baya: mutum ɗaya ko 'yan kaɗan su tsaya a mashiga su riƙe maƙiyi har sauran su yi nisa. Abin da ake saye a nan lokaci ne, kuma waɗanda ake karewa ba sa ma wurin.

Lissafin da ke rushe fitowa da yawa

Kuskuren da ya fi yawa a rubutun tarewa na lokaci ne. Akan rubuta: ya harba, ta ji ƙarar, ta yi tsalle ta tare. Wannan ba ya yiwuwa. Harsashin ƙaramar bindiga yana tafiyar kimanin mita 350 a daƙiƙa. Daga nisan mita goma zai iso cikin kashi uku bisa ɗari na daƙiƙa, wato kafin hoto ɗaya ya wuce a fim mai hoto 25 a daƙiƙa. Ɗan Adam kuwa yana bukatar wajen rubu'in daƙiƙa kafin jikinsa ya fara amsa abin da idonsa ya gani, sannan ga lokacin ɗaga ƙafa da cin tazarar. Harsashin AK-47 ya haura mita 700 a daƙiƙa, ninki biyu na gudun sauti, don haka yana isowa kafin ƙararsa. Yana kuma iya ratsa jikin mutum ya fita ya sami na bayansa.

Ma'anar wannan ga mai rubutu ita ce dole mai tarewa ya motsa kafin a harba. Sai an ba shi abin da ya gani wanda sauran ba su gani ba: hannu ya shiga ƙarƙashin riga, gilashin mota ya sauka a hankali, wani ya daina tafi alhali kowa na tafi. Wannan hangen shi ne rabin fitowar, kuma shi ke nuna cewa tauraron ya daɗe da sa ido a kan wanda yake ƙauna.

Kowane haɗari da irin kariyar da yake ba dama. Kibiyar baka tana tafiyar kimanin mita 50 a daƙiƙa, don haka daga nisan mita talatin akwai fiye da rabin daƙiƙa, abin da zai isa a ɗaga garkuwa ko a karkata jiki. Adda da wuƙa da gora suna bukatar a ɗaga hannu, kuma a wannan ɗagawar ake shiga tsakani, shi ya sa raunin mai tarewa yakan kasance a hannu ko kafaɗa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa: daga mita talatin akwai ƙasa da daƙiƙa biyu, sun isa turewa, amma tare mota da jiki ba ya ceton kowa. Gurneti yana ɗaukar daƙiƙa huɗu zuwa biyar bayan an saki maƙallinsa. Ginin ƙasa da ruwan Agusta ya jiƙa yakan ba da alama, ƙasa ta fara zubowa, azara ta yi ƙara, uwa ta kifa a kan jaririnta. Taron da ya taso da ihun “ɓarawo” kuwa ba a tare shi da ƙirji, sai da tsayawa a ƙofa, kuma sai mai tsayawar yana da fuskar da unguwa ke jin nauyi.

Inda masu nazari suka saɓa

Saɓani na farko a kan sakamako ne. Wasu na ganin ba a kira fitowa sadaukarwa sai mai kariya ya mutu ko ya nakasa, hujjarsu ita ce mai karatu ba shi da ma'aunin ƙauna sai abin da aka rasa. Wasu na cewa aikin ya cika tun lokacin da aka ɗaga ƙafa, abin da ya biyo baya wani tubali ne daban. Tarihi ya fi goyon bayan na biyu: McCarthy ya warke ya koma aiki, Sayyidina Aliyu ya tashi lafiya, limamin Nghar bai rasa ransa a ranar ba, kuma ba wanda zai rage musu komai saboda haka. Sai dai masu ra'ayin farko sun taɓo wani abu na gaskiya. A ɗauki labarin da aka nuna tauraro ɗan tauri ne, ya sha maganin ƙarfe, shi da mai karatu duk sun yarda wuƙa ba ta cin sa. In ya tare wa abokinsa sara, ya kare shi, amma bai sa komai a faifai ba. Haka mai rigar sulke ta zamani. Sharaɗin da ya fi tsayuwa shi ne yiwuwar asara a sanin mai yin aikin: ya ɗauka zai iya rasa ransa, ko da bai rasa ba.

Na biyu a kan wanda aikinsa ke nan. Dogari ko ɗan sandan da aka ɗauka don tsaro, in ya tare, zaɓi ya yi ko aiki ya sauke? Masu cewa aiki ne suna nuni da horo: an koya wa jikinsa ya motsa kafin tunani. Masu cewa zaɓi ne suna amsawa da cewa an yi zaɓin tun ranar da ya karɓi rigar, kuma albashi bai taɓa hana mai gudu gudu ba. Mutanen Kano suna da abin tunawa a nan. Ranar 19 ga Janairun 2013 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero wuta a kusa da Masallacin Murtala, direbansa da wasu dogaransa suka rasu, kuma abin da aka yi ta ba da labari a gari shi ne yadda dogaran suka rufe shi da jikinsu. Mutanen da kullum ake gani suna baza manyan rigunansu ja da kore don su kare sarki daga idon jama'a lokacin da zai hau ko zai sauka, ranar sun yi wannan motsin a gaban harsashi. A ƙagaggen labari hanyar da ta fi dacewa ita ce a bar shi cikin kariya, a ƙara masa bayanin dalili: amana, soyayya, jini, biyan alheri, ko neman kankare laifi. Motsin ɗaya ne, dalilin ne ke sauya abin da mai karatu zai ji.

Na uku shi ya fi shafar littattafan Hausa, inda haɗarin da ya fi yawa ba na makami ba ne. Sharri ne, da saki, da kora daga gida, da zubewar mutunci. Yayar da ta ce ita ta fasa tulun, ɗan da ya amsa laifin ubansa a gaban alƙali, matar da ta rufa wa mijinta asiri ta sha zagin dangi: a sa su a sahun masu tare harsashi? Masu faɗaɗawa na cewa ƙashin bayan ɗaya ne, cuta ta nufo wani, wani ya karɓe ta da saninsa. Masu taƙaitawa na cewa in aka buɗe wannan ƙofa, duk wani haƙuri da kawaici zai shigo, a koma gidan jiya. Akwai bambanci na aiki da ke goyon bayan a ware su. Ɗaukar laifi yana tafiya da ƙarya ko shiru, yana daɗewa, kuma yana buɗe tambayar da ke jan labari gaba: yaushe gaskiya za ta fito? Tarewa ba ta ɓoye komai, a gaban kowa ake yin ta, kuma tana rufe babi ne. Dangin ɗaukar laifi na kusa shi ne maye gurbi na ɓoye, can ya kamata a ajiye shi.

A ƙarƙashin duk wannan akwai tsohuwar gardamar masu haɗewa da masu rarrabewa. In aka yi ta yanka, za a wayi gari da suna daban ga wanda ya tare da hannu da wanda ya tare da ƙirji, abin da ba zai amfani kowa ba. Gwajin da ke tsayar da yankan shi ne na Propp: in aka musanya wannan da wancan, labarin zai sauya hanya? In kaka ta tsaya a ƙofa, fitowa ta gaba ta mai bulala ce, shi zai yanke shawara. In ta tare bulalar da hannunta, fitowa ta gaba ta nadama ce da ban haƙuri. Hanya ta sauya, don haka suna biyu suka cancanta.

Abin da wannan ke nufi ga masu fim da marubuta

A Kannywood akwai ƙa'idar da ke sa wannan rarrabewa ta zama ta yau da kullum. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ta yarda namiji da mace su taɓa juna a fim ba, ko da a labarin miji da mata ne. Turewa da rufewa tsakanin jinsi biyu sun fita ke nan, sai dai a yi su da yankan hoto: a nuna ya zaburo, a yanke, a nuna ta a gefe. Abin da ya rage a buɗe shi ne tarewa daga ɗan nesa, tsayawa a ƙofa da maye gurbi. Marubucin fim da ya rubuta “ya kare ta” kawai ya bar wa darakta aikin da za a yi ta gardama a kansa ranar ɗauka. Wanda ya rubuta “ya shiga tsakaninsu, taku biyu a gabanta, fuskarsa ga mai wuƙar” ya ba mai kyamara wurin tsayawa.

Ga gajeren labari, irin na gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, inda kalmomi ke da iyaka, zaɓin nau'i yana yanke yawan filin da za a kashe. Tsayawa a ƙofa tana cin zance mai yawa. Maye gurbi na ɓoye yana bukatar fitowa ta biyu inda asiri zai tonu. Alƙalin gasa ko malamin adabi da ke da waɗannan sunaye a hannu zai iya gaya wa ɗalibi takamaiman abin da ya ɓace, misali ba a nuna ta san da gubar ba, maimakon ya ce labarin bai taɓa zuciya ba.

Mai kallo da abin da yake ɗauka ya tafi da shi

Labari yana koya wa jiki abin da zai yi ranar firgici, kuma a nan rikita nau'o'in kariya yana da farashi na gaske. Fim ya saba nuna cewa ƙauna ita ce ka faɗa inda naka ya faɗa. Akwai haɗurran da wannan ke ninka gawa. Wanda lantarki ya riƙe, in aka cafke shi da hannu wutar ta haɗa da mai cafkar, abin yi shi ne a kashe wutar daga mita ko a ture shi da busasshen katako. Wanda ruwa ke ci yana danne duk wanda ya iso gare shi, shi ya sa masu ceto ke fara miƙa gora ko jefa igiya ko jarka mai murfi. In harbi ya tashi, jan yaro a kwanta ƙasa tare ya fi tsayawa a gabansa.

Mafi maimaituwa a garuruwanmu shi ne na tsohuwar rijiya da ramin masai. Mutum ya shiga yasa ko gyara, iskar da ke ƙasa ba ta da abin shaƙa, ya sulale ba ko ihu. Ɗan'uwansa ya leƙa ya gan shi kwance, ya bi shi, shi ma ya faɗi cikin 'yan daƙiƙu, na uku ya bi na biyu. Toshe hanci da tsumma ba ya maganin wannan, don iskar numfashin ce babu. Marubucin da zai kai tauraronsa bakin irin wannan rami yana da fitowar kariya a hannunsa wadda ba a cika rubutawa ba: mutumin da ya tsaya a bakin rijiyar ya riƙe ƙanin wanda ya faɗa, yana shan duka da zagi daga gare shi, ya hana shi shiga, yana ƙwala wa jama'a kira a kawo igiya da ƙugiya a kuma kira 'yan kwana-kwana.